Tambayoyinku: Tsakanin Zuciya da Aljihu

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka sauya kama. A da, kishi da rikicin dangin miji ne suka fi yawa, amma yanzu da wuya in buɗe saƙo ban tarar da maganar kuɗi a cikinsa ba, ko da mai shi ya fara da wani zancen daban. Na zaɓi guda huɗu a wannan fitowar, kuma kamar yadda muka saba, na cire sunaye da duk wani abin da zai sa a gane masu su.

Tambaya ta farko, daga wani saurayi a Kano

Assalamu alaikum Anti. Ni malami ne a wata makaranta mai zaman kanta, shekarata 29, albashina naira 85,000 a wata. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina neman wata yarinya wadda nake ƙauna har cikin raina. Ranar da na fara zuwa gidansu da motar abokina na je, ban ce tawa ce ba, amma kuma ban ce ba tawa ba ce. Tun daga nan duk zuwa zance sai na ajiye mata kuɗi, ga data, ga toshin Salla, har waya na saya mata da bashin manhajar ba da rance. Yanzu manhajoji biyu ke bina, an sa rana saura wata huɗu, kuma yayyenta sun fara maganar akwati goma sha biyu. Ina tsoron in faɗa mata gaskiya ta guje ni. Shin in ƙara cin bashi in rufa wa kaina asiri, idan an yi aure sai in biya a hankali?

Amsa

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kada ka ƙara cin ko sisin kwabo, kuma zan fara da wannan ne domin shi ne abin da ya fi gaggawa a cikin wasiƙarka. Bashin manhaja gajeren wa'adi gare shi, yawanci makonni kaɗan ne, kuma kuɗin ruwan da ake ɗora masa yana ƙaruwa da kowane jinkiri, shi ya sa wanda ya karɓa a ɗaya yakan koma ta biyu domin ya toshe ta farko, kamar dai yadda ya faru da kai. Bayan haramcin riba, wanda ka san shi tun kana makarantar allo, akwai wata masifar da ya kamata ka tuna. Da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda suke bi, su riƙa aika musu saƙon cin mutunci, lamarin da ya kai har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a shekarar 2022. Lambar yarinyar nan tana cikin wayarka, wataƙila har da ta yayanta da ta mahaifinta. Asirin da kake son rufawa da sabon bashi yana iya tonuwa ta bakin wani baƙo da bai san darajarka ba, a ranar da ba kai ka zaɓa ba.

Game da akwati goma sha biyu kuwa, ina roƙonka kada ka riƙe yayyenta a zuciya. Sun auna ka ne da mudun da kai da kanka ka miƙa musu. Wanda ya zo da mota, yake ajiye kuɗi duk zance, ya sayi waya mai tsada, ba za a yi masa lissafin malamin makaranta ba. Akwai kuma abin da samari ba su cika lura da shi ba: iyayen amarya da lefe suke auna kayan ɗaki da gara. Idan suka ji za a kawo akwati goma sha biyu, uwar yarinya za ta ga wajibi ne ta yi gado da kujeru da kayan kicin da za su yi daidai da wannan lefen, don kada dangin ango su raina ta, kuma mai yiwuwa a yanzu haka ta shiga adashin da ya fi ƙarfinta, ko mahaifin yana tunanin sayar da fili. Ƙaryar da ka fara da aron mota tana gab da jefa gida biyu cikin bashi, kowane gida yana ƙoƙarin kamo wani arziki da babu shi a ko'ina.

Ka bambance abin da addini ya ɗora maka da abin da al'ada ta ƙara. Sadaki wajibi ne, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, wato zinare da ya ɗan haura giram ɗaya, ko dirhami uku na azurfa. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa wani sahabi mai neman aure ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Lefe kuwa al'ada ce, kuma ni ba na cikin masu cewa a soke ta baki ɗaya, domin sutura ce da mace za ta daɗe tana ɗaurawa, kuma hanya ce ta girmama ta a idon danginta. Amma al'ada tana da faɗi da tsawo, kowa yana yankan daidai jikinsa. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a rana ɗaya da kaya daidai gwargwado, kuma babu malamin da ya ce auren nasu ya gaza na kowa inganci.

Yanzu ɗauki takarda ka rubuta abu uku: abin da ke shigo maka a wata, jimillar abin da ake binka, da abin da zama da mace zai ci a wata, tun daga haya da abinci har gas da kuɗin mota zuwa makaranta. Albashinka bai fi mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, wato naira 70,000, da wani abu mai yawa ba, kuma idan ka yi lissafin da gaskiya za ka ga babu gurbin biyan bashin manhajoji biyun a cikinsa, balle a ƙara na uku. Maganar cewa za ka biya a hankali bayan aure tana nufin amarya za ta shigo gidan da aka riga aka cinye abincin watanninta na farko, ta tarar da miji mai ɓoye waya da saurin fushi, alhali ba ta san dalili ba. Na ga aure da dama da suka fara tsami tun kafin lallen amarya ya goge saboda wannan.

Ita za ka fara faɗa wa, da bakinka, ido da ido, ba ta saƙon waya ba. Ka faɗa mata adadin albashinka da adadin bashin, ka kuma faɗa mata motar ba taka ba ce, kada ka rage komai domin a sake gano shi daga baya. Bayan nan sai ka sami kawunka ko wanda zai karɓa maka aure ka yi masa bayani, shi kuma ya sami mahaifinta, domin maganar rage lefe ko ɗaga rana ta manya ce, kuma iyaye maza sun fi saurin fahimtar irin wannan idan aka zo musu da ita cikin mutunci. Ba zan yi maka alƙawarin cewa za ta zauna ba. Tana da haƙƙin ta ji zafi, domin an yaudare ta, kuma tana da haƙƙin ta sake tunani. Idan ta zauna bayan ta ji komai, ka sami matar da za ku iya zama ku yi lissafin gida tare, wanda shi ne aikin da ma'aurata suka fi yi a rayuwarsu. Idan kuma ta tafi, ka sani cewa da ma za ta ji labarin, sai dai a lokacin akwai igiyar aure a tsakani, wataƙila har da juna biyu.

Tambaya ta biyu, daga wata matar aure a Zariya

Anti, barka da aiki. Shekarata bakwai da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana ɗan kasuwa ne kuma Allah ya rufa masa asiri, amma kuɗin cefanen da yake ba ni yau shi ne wanda yake ba ni tun shekara uku da suka wuce. Shi ke riƙe makullin sito, shi ke auno shinkafa, har dunƙulen miya ƙirgawa yake yi. A waje kuwa kowa yabonsa yake, shi ke biya wa abokai shayi da nama a majalisa, ga sabuwar shadda kusan kowane wata, ga canjin waya. Ina yin zoɓo da kunun aya ina sayarwa, amma duk ribar a tukunya take ƙarewa. Kwanan nan na fara zarar kuɗi a aljihunsa idan ya yi barci, kuma abin yana damuna. Gaskiya Anti, son da nake masa ya ragu ƙwarai, domin kullum ji nake kamar almajira a gidana. Ina da laifi? Kuma yaya zan yi?

Amsa

'Yata, kalmar da ta fi tsaya mini a wasiƙarki ita ce almajira. Mace tana iya jure talaucin miji shekara da shekaru ba tare da sonta ya girgiza ba, matuƙar tana ganin abin da ke akwai shi ake rabawa. Abin da ke cinye so shi ne ta riƙa miƙa hannu kullum a kan abin da yake haƙƙinta, tana kallon ana wadaƙa da kuɗin a waje. Hausawa sun daɗe da sanya wa irin wannan hali suna, inuwar giginya, na nesa ka sha. Don haka kada ki ɗauka raguwar son da kike ji wani aibu ne a zuciyarki. Sakamako ne na abin da ake yi miki kowace safiya.

Tambayarki ta ko kina da laifi an taɓa yin irinta a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa mutum ne marowaci, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta sai abin da ta ɗauka ba da saninsa ba, sai aka ce mata ta ɗauki abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka sani na al'ada. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ki lura da iyakokinsa: miji yana da shi ya hana, abin da aka ɗauka na ci da sha da sutura ne na dole, kuma ba a wuce gwargwado ba. Idan abin da kike zara a tukunya yake ƙarewa, ba a kiranki ɓarauniya. Allah ya ce a aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ mawadaci ya ciyar daga wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi, wato ma'aunin ciyarwa shi ne ƙarfin miji, kuma mai ɗinka shadda duk wata ba ya cikin waɗanda aka ƙuntata wa.

Ribar zoɓonki kuwa taki ce. Babu wani nauyin ciyar da gida a kanki ko da kin fi shi kuɗi, kuma abin da kika zuba a tukunya da son ranki sadaka ce. Lokacin da Zainab, matar Abdullahi ɗan Mas'ud, ta aika a tambaya mata ko za ta iya ba mijinta da marayun da ke hannunta sadakarta, amsar da aka ba ta ita ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ladan nan yana nan a gare ki in Allah ya so, amma ina so ki gane wani abu mai ɗaci: kullum kika cike gibin cefane a ɓoye, kina tabbatar masa da cewa kuɗin da yake bayarwa yana isa. Yana dawowa ya tarar da tuwo da miya kamar kullum, ta yaya zai yarda cewa akwai matsala?

Shi ya sa, duk da cewa shari'a ta ba ki uzuri, ba na so ki dawwama a kan zarar aljihu. Ranar da ya kama ki, maganar za ta tashi daga rowarsa ta koma kan amanarki, kuma a gaban dangi ke za ki sha kunya. Ki fito da maganar fili. Ki sami littafi ki rubuta duk abin da aka saya na mako biyu da farashinsa, tun daga tumatir da attaruhu har man gyaɗa da gawayi da sabulu, ki ware abin da kuɗinsa ya saya da abin da naki ya saya. Shi ɗan kasuwa ne, lissafi a rubuce yarensa ne. Ya san litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ya san hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma na tabbata shi ma ya ƙara wa kayan shagonsa kuɗi ba sau ɗaya ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci, ki ajiye masa littafin, ki ba shi zaɓi biyu cikin ladabi: ko ya ƙara kuɗin zuwa abin da lissafi ya nuna, ko shi ya riƙa yin cefanen da kansa ya kawo. Maza da yawa da suka riƙe jakar cefane na mako guda sun dawo da wata magana daban.

Kada ki sako zancen shadda da majalisa a zaman farko, domin da zarar ya ji ana ƙirga masa abin da yake kashewa zai tashi kare kansa, a bar maganar miya. Ki kuma bar ƙofar cewa akwai abin da ba ki sani ba. Wani ɗan kasuwar kuɗin da ake gani a hannunsa jarin mutane ne, kuma kyautar da yake yi a waje tsoron kada a ce ya karye ne. Idan haka ne, to, ya kamata ki sani, domin matar da ba ta san halin da kasuwar mijinta take ciki ba kullum zargi za ta yi. Maganar makullin sito kuwa ki faɗa masa ita kai tsaye, cewa tana ƙona miki rai, domin mace mai 'ya'ya uku da aka amince mata da tarbiyyarsu ta wuce a hana ta amanar mudun shinkafa.

Idan kin yi wannan sau biyu ko uku bai sauya ba, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta nuna mataki na gaba, wato a samo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki. Ki zaɓi wanda yake jin nauyinsa, kuma ki roƙi a tuna masa hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa a cikin dinarin da mutum ya kashe a tafarkin Allah, da wanda ya 'yanta bawa da shi, da wanda ya ba miskini, da wanda ya ciyar da iyalinsa, na iyalin ne ya fi lada. Kotun shari'a ma tana da ikon yanka wa miji abin da zai riƙa bayarwa na ciyarwa, amma ina fatan ba za a kai can ba. Kafin nan, ki fara ware wani abu daga ribar sana'arki ki ajiye a asusunki, ko kaɗan ne.

Tambaya ta uku, daga wani magidanci a Bauci

Hajiya, ina gaisuwa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma matata mutuniyar kirki ce, ba ni da abin cewa game da tarbiyyarta. Matsalarta ɗaya, ba ta iya ganin kaya ta kawar da kai. Duk bikin da aka yi sai ta yi anko, duk abin da ta gani ana tallarsa a WhatsApp sai ta yi oda, kuma ashe adashi uku take zubi. Makon jiya wata dillaliya ta tare ni a ƙofar gida a gaban maƙwabta tana neman kuɗin leshi da atamfofi da ban san da su ba. Raina ya ɓaci har na yi tunanin in tura ta gida ta huta. Me kike gani?

Amsa

Malam, ɓacin ranka yana kan hanya, domin babu magidancin da zai so a tare shi da bashi a gaban maƙwabta, kuma ɓoye maka da ta yi kuskure ne babba. Amma kada ka tura ta gida. Yin haka zai mayar da matsalar da mutum biyu za su iya kashewa a ɗaki ta zama zancen dangi biyu, kuma kai da kanka ka shaide ta da kirki.

Kafin ka zauna da ita, ka fahimci abin da biki yake a wurin mata, domin maza da yawa kallon shagali kawai suke yi masa. Gudummawar biki bashi ce da ba a rubuta ba. Abin da ƙawa ta kawo mata ranar aurenta ko ranar suna sai ta mayar idan nata ya tashi, sau da yawa ma da ƙari, kuma wadda ta ƙi yin anko a bikin 'yar'uwa ana karanta shi a matsayin yanke zumunci. Wannan bai wanke ta ba, domin aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta siffanta bayin Allah na gari da cewa idan sun ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani. Amma zai taimaka maka ka gane cewa abin da ke tura ta tsoron kunya ne a cikin 'yan'uwanta mata, kuma tsoro ba ya fita da faɗa.

Akwai tambaya biyu da nake so ka yi wa kanka. Shin ta san nawa ne albashinka, da abin da ke saura bayan an cire haya da makaranta da abinci? Matan da ba su san wannan ba sukan ɗauka akwai wani rumbu a ɓoye. Sannan yaushe rabon da ka saya mata sutura da kanka, ko ka ba ta wani kuɗi da za ta kashe ba tare da ta yi maka bayani ba? Sutura tana cikin abin da aure ya wajabta maka, kuma macen da ba ta da ko naira ɗaya tata ta kanta ita ce ta fi saurin faɗawa hannun dillaliya.

Ku zauna ta lissafa maka duk wanda yake binta, ka yi mata alƙawari tun farko cewa ba za ka yi faɗa ba komai yawansa, domin idan ta ji tsoro za ta ɓoye rabi. Ku rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a kan bashi. Idan kana da hali ka biya dillaliyar sau ɗaya, ka kuma shaida mata cikin mutunci cewa duk kayan da ta sake bayarwa ba da saninka ba, ba kai za ta nema ba. Adashin kuma a bar guda ɗaya idan zagayen sauran ya ƙare, domin fita a tsakiya cin amanar sauran masu zubi ne. Daga nan ka yanka mata wani abu a wata, komai ƙanƙantarsa, wanda daga cikinsa za ta yi anko da gudummawa, ita za ta zaɓi bikin da ya cancanta. Mutum ya fi iya tattalin kuɗin da ya san iyakarsa kuma ya san nasa ne.

Tambaya ta huɗu, daga wata ɗaliba a Katsina

Anti, samari biyu ke zuwa wurina. Ɗaya ba ya zuwa hannu rabbana, kullum da kyauta, kuma ko ban tambaya ba sai in ga alat ya shigo. Ɗayan tela ne, ba ya cika ba ni komai sai jefi-jefi, amma bai taɓa saɓa mini alƙawari ba. Ƙawayena sun ce wanda ba ya kashe miki kuɗi ba ya son ki. Gaskiya ne?

Amsa

'Yata, a maganar ƙawayenki akwai ƙwayar gaskiya guda ɗaya. Kyauta tana ƙara so, kuma addini ya kwaɗaitar da ita, saboda haka saurayin da yake da hali amma ko turare bai taɓa riƙo miki ba abin lura ne, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sai dai kin ce telan yana bayarwa jefi-jefi, wato gwargwadon abin da allura ta kawo, kuma wasiƙar farko ta wannan shafin ta nuna miki daga inda wani alat ɗin yake fitowa.

Abin da saurayi yake kashe wa budurwa a lokacin nema shi ne mafi raunin shaida a kan halinsa, domin kowa yana gyara hannu a lokacin. Shaidar da ta fi ƙarfi tana wurin mutanen da ba ya neman komai a wurinsu. Ki sa yayanki ko kawunki su bincika miki su biyun: mece ce sana'ar mai yawan kyautar, kuma abin da yake samu ya kai abin da yake kashewa? Yaya kowannensu yake yi da mahaifiyarsa da ƙannensa? Idan sun ci bashi suna biya? Telan yana cika wa masu ɗinki alƙawari a watan azumi, lokacin da aiki ya fi yawa? Ba na ce mai kyautar mutumin banza ne ba, yana iya zama mai hali ne kuma mai sakin hannu, wanda alheri ne babba. Bincike ne zai nuna.

Abu ɗaya nake so ki gyara tun yau. Kada ki ci gaba da karɓar kayan mutumin da ba ki yanke shawarar aurensa ba. Kowace kyauta tana ƙara masa tabbacin cewa an ba shi, tana kuma ƙara miki nauyin da zai hana ki cewa a'a ranar da ya kamata, kuma malaman Malikiyya da dama suna ganin idan fasawar ta fito daga ɓangaren mace, saurayi yana da damar neman kayansa, abin da ya sha kai iyaye gaban alƙali. Ki gaya masa cikin ladabi ya dakata da turo kuɗi har ki gama shawara da iyayenki, ki kuma lura da yadda zai karɓi maganar. Ki sanar da mahaifiyarki halin da ake ciki a wannan makon, ki yi istihara, sannan ki ba wa kanki wa'adin da bai wuce wata biyu ba ki sallami ɗaya daga cikinsu.